Ba a Fafe Gora Ranar Naƙuda: Kira ga Mutanen Nyanya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gadar Nyanya da ƙarfe biyar da rabi na asuba ya ga yadda garin nan yake zazzage mazansa. Direba, maigadi, birkila, masinja, mai yankan farce, ɗan kasuwar Wuse, kowa yana kokawar shiga mota don ya haye tudun Kugbo kafin gosulo ya ɗaure. Daga Mararaba, Ado da Masaka ma ga su nan suna kwararowa kamar an fasa dam. Kafin ƙarfe takwas unguwanninmu sun koma na mata da yara. Ba za a sake ganin masu gida ba sai bayan isha'i, wasu ma sai ƙarshen mako.

'Yan'uwana maza, ku tsaya mu yi wa kanmu tambaya ɗaya. A cikin waɗannan sa'o'i goma sha biyar da ba ma nan, idan matar da muka bari da tsohon ciki ta fara zubar da jini, wa zai ɗauke ta? Da kuɗin wa? Da izinin wa?

Ba a banza nake tambaya ba. A gidan hayar da na taɓa zama akwai wani bawan Allah, maigadi ne a cikin birni, ya ɗauko iyalinsa daga ƙauye. Matarsa tana da ciki na shida. Tun watan bakwai ƙafafunta suka kumbura, daga baya fuska ta bi, har zoben hannunta ya ƙi fita. Matan gidan suka ce ai ɗa namiji ne, haka yake yi. Ta yi ta kukan ciwon kai, ana sayo mata ƙwaya a kyamis. Awo kuwa sau ɗaya ta je, ta ga layi, ta ji kuɗin gwaji, ba ta koma ba. Wata safiya ta faɗi tana jijjiga, ta datse harshe. Aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi da tofi. Wayar mijin a kashe, babu caji a wurin aikinsa, kuma babu wanda ya yarda ya fitar da matar wani ba da saninsa ba. Da aka samu mota rana ta yi sama, hanya ta cushe. Ba ta kwana ba, ita da abin da ke cikinta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Kafin la'asar mun haɗa kuɗin likkafani, da na motar maƙabarta, da na motar da za ta mayar da marayu biyar wurin kakarsu. Cikin sa'a guda muka tara abin da ya ninka kuɗin awonta na wata tara. Har da ni a masu bayarwa, kuma har da ni a waɗanda suka ga kumburin nan suka yi shiru, don wai ba a sa baki a sha'anin iyalin mutum.

Muna cewa mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira, muna faɗa kamar karatun da aka gama. To a Najeriya maganar ta wuce karin magana. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 260,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kusan 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, a ƙasa guda. Ku raba da kwanakin shekara: sama da mata 200 kowace rana. A ranar 14 ga Afrilu 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya, ya kashe mutum fiye da 70, duniya ta girgiza, mu kuma har gobe ba mu manta ba. Abin da haihuwa ke ci a ƙasar nan kullum ya ninka wannan, sai dai shi ba ya ƙara. Ɗaki-ɗaki yake bi, a yi salla, a yi zaman makoki na kwana uku, a ce kwana ya ƙare.

Kwana kam yana ƙarewa, babu mai ja da wannan. Amma wanda ya yi ajali shi ya yi sababi, kuma malamanmu ba su taɓa koya mana cewa tawakkali shi ne naɗe hannu ba. Da yawa daga abin da ke kashe masu ciki ba kwatsam yake zuwa ba. Yana aiko da sallama tun watanni kafin ya iso.

Ku ɗauki jijjigar nan. Asalinta hawan jini ne da ciki ke tayarwa, galibi bayan mako na 20. Mace tana iya yawo da shi ba ta sani ba. Abin da ke tona shi na'urar nan ce da ake ɗaura wa a dantse, da ɗan gwajin fitsari, aikin da bai kai minti biyar ba. Idan awo ya kai 140 bisa 90, an san akwai magana, a fara magani, a riƙa bibiya, in ta kama a sauke ta kafin lokaci. Ko jijjigar ta zo, akwai allura mai araha da ke tsayar da ita, kowane babban asibiti ya san ta. Kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, zafi a ƙarƙashin ƙirji: duk macen da ta ji waɗannan, ba kyamis za ta nufa ba, ba kuma gobe ba. Mai cikin fari, da yarinyar da ba ta gama girma ba, da wadda ta haura 35, da mai tagwaye, da mai ciwon suga ko tsohon hawan jini, su ya fi yi wa kwanton ɓauna.

Sai jini, wanda shi ne kan gaba wajen kisa. A nan talauci yake shigowa da ƙafarsa. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya gano cewa wajen shida cikin kowane goma na masu ciki a Najeriya suna da ƙarancin jini. Wannan kafin 29 ga Mayu 2023 ke nan, ranar da aka cire tallafin mai, kuɗin mota daga Nyanya zuwa Berger ya fara cinye abin cefane. Yau a gidaje da yawa ƙwai ya zama abin marmari, nama sai ranar suna. Kuma mun san tsarin tukunyarmu: maigida ne da tsoka, yara su biyo, mai cikin ta kankare ƙanzo. Ga zazzaɓin cizon sauro daga kwatocin da suka toshe a lungunanmu yana fasa ɗan jinin da ya rage. Macen da ta shiga naƙuda da cikakken jini tana iya zubar da rabin lita ta tashi. Wadda ta shiga a ɗashe, idonta fari fat, tana haki in ta ɗauko bokiti, abin da wata za ta jure shi zai kwantar da ita. Zubar jini bayan haihuwa yana iya gamawa da mace cikin sa'a biyu. Sa'a biyu kuwa, da safiyar Litinin, ba lallai ta kai ka mahaɗar AYA daga Mararaba ba.

A wurin awo ne ake ba da ƙwayar ƙarin jini, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake fara sha bayan wata uku na farko, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku. Iyayenmu mata, don Allah ku daina cewa ƙwayar nan tana sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Ba ta sawa. Abin da take yi shi ne ta ba uwa jarin da za ta kashe ranar haihuwa. Kai kuma maigida, zogale da alayyahu da wake da ɗan busasshen kifi ba su fi ƙarfin wanda ke sayen kati kullum yana kallon ƙwallo a waya ba. Ranar Laraba kasuwar Nyanya tana ci, ka san hanya.

Wani abin alfahari ne, kuma abin kunya a lokaci guda: ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da duniya ke bi yanzu wajen tare zubar jini, da hannun 'yar Kano aka tabbatar da ita. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani gwaji da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamakonsa a 2023. Ba wata na'ura mai tsada ba ce. Leda ce mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu don a ga ainihin jinin da ya fita maimakon a yi kirdado da ido, sannan a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin ɗari. Ilmin yana nan, namu ne. Amma ba ya isa ga wadda ta durƙusa a bayan ƙyaure ita kaɗai, tana cije zani don kada maƙwabta su ji.

A kan wannan cije zanin zan ɗan daɗe, don a nan Nyanya ta bambanta da garuruwan da muka baro. A gida, yarinya mai cikin fari tana tafiya goyon ciki. Akwai uwa, akwai gwaggo, akwai kaka mai ido, akwai ungozomar da ta san gidan tun kafin a haife ta. Tsarin yana da nasa illoli, amma dai akwai mai kallo. A nan mun ɗauko kunyar mun baro masu kallon. Yarinya 'yar shekara 16 ko 17 a ɗaki ɗaya a Nyanya Gwandara ko Jikwoyi, maƙwabciyarta ta dama Bayarabiya, ta hagu 'yar Tibi, ba ta jin Turanci, an gaya mata tun tana ƙarama cewa 'yar mutunci ba ta raki. Naƙuda ta fara da daddare, ta yi shiru. Miji ya fita da asuba, ta ce masa a dawo lafiya. Idan ƙugunta bai isa ɗa ya wuce ba, haka za ta wuni, ta kwana, kan yaro yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Wadda ta tsira da rai sai ta tashi da yoyon fitsari. Ku je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru da dama yana ɗinkin wannan lalura, ku tambayi yadda akasarin matan suka same ta. Doguwar naƙuda ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce: naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, ko ta faɗi ta fito, ba ta gida ba ce.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, a daina kiran wani ya zo ɗaki ya ɗaura ruwan naƙuda ko ya yi allurar zafafa ta. Wannan maganin a hannun wanda bai san kwanciyar ɗa ba, yana fasa mahaifa. Haka jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mace don ta yi sauri. Wadda aka taɓa yi wa tiyata kuwa, kada ta ko gwada haihuwa a gida. Na san ana yi mata gori, ana cewa ragguwa ce, ba ta iya haihuwa da kanta ba. Masu gorin ba su za su riƙe mata yara ba.

Ga kuma kurin da ya fi kowanne yaudara: ai ta saba, haihuwa bakwai duk a ɗaki. Mahaifa ba ta ƙara ƙarfi da yawan aiki, saki take yi. Daga ta biyar zuwa sama haɗarin zubar jini da kwanciyar ɗa a karkace ƙaruwa yake yi. In aka haɗa da kwanika, wannan na goye wancan na ciki, jiki bai mayar da abin da ya rasa ba an sake ɗora masa. Likitoci suna cewa a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ba baƙon lissafi ba ne a wurinmu, shekara biyun shayarwa ce da muka sani a addini, kuma kakanninmu da gori suke bin mai kwanika. Mu ne muka yar.

Kada wani ya ce wannan sabon zance ne na 'yan boko. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi haihuwa 22,774 a Zariya ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka gani shi ne mutuwa ta fi yawa, nesa ba kusa ba, a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kwaso su. Shekara kusan 50 ke nan. A Zariyar ne kuma likitoci suka danganta kumburin zuciya bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta. Duk da haka binciken 2018 ya tarar cewa haihuwa 39 kacal cikin ɗari ake yi a asibiti a ƙasar nan.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗa. Asibiti akwai layi. Akwai ma'aikaciyar da za ta daka wa matarka tsawa a gaban jama'a. Akwai takardar sayayya mai tsawon hannu: safar hannu, auduga, man wanke hannu, har fitila. Ga yajin aiki, ga likitoci suna ta ficewa Ingila da Saudiyya. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma yawancinmu ma ba albashi muke ɗauka ba. Duk gaskiya ne. Babban Asibitin Nyanya yana ɗauke da nauyin da ya haɗa da na mutanen Mararaba da Masaka, waɗanda a takarda 'yan jihar Nasarawa ne, amma naƙuda ba ta san iyakar jiha ba. Don haka kiran nan ya haɗa da hukumomin Babban Birnin Tarayya, da ƙaramar hukumar AMAC, da ta Karu: garin da ke share muku ofis, yake tuƙa ku, yake gadin ƙofarku, ya cancanci ɗakunan haihuwa masu wuta da ruwa da ungozoma dare da rana, da ma'ajiyar jini da ba ta bushewa.

Amma haƙƙi ba ya zuwa wa wanda bai san shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, ko da wane dalili, kuma ta tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Akwai kuma shirin inshorar lafiya na Babban Birnin Tarayya. Ku je ku tambaya tun ciki yana wata uku: wane asibiti ne ke cikin shirin, wace takarda ake nema, ina ake rajista? Shugabannin unguwa da na ƙungiyoyi su je a ayari, su dawo su yi bayani da Hausa a ƙofar masallaci. Alkawarin da ba a bi sawunsa ba a jarida yake ƙarewa.

Sauran aikin namu ne, kuma ba ya jiran kasafin kuɗi. Maigida, yau da daddare ka kira maƙwabcinka da matarsa, ka faɗa a gabansu: na yi izini, ko ina nan ko ba na nan, in ta ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, a tafi da ita. Kalma ce, ba ta cin ko kwabo, kuma rashinta ya binne mata. Ka kai ta awo kafin wata uku su cika, ba sai ciki ya fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa a je sau takwas. Ka raka ta ko sau ɗaya ka ji da kunnenka, ba a rage wa namiji komai a bencin awo. Kuɗin ragon suna da kake tarawa, da atamfar fitar suna, raba su biyu, rabi ya zauna a hannunta, ba a asusunka da sai ka zo ba. Suna ana ɗaga shi, ana yi da ɗan akuya. Naƙuda ba a ɗaga ta.

Direbobin tasha da masu Keke da 'yan acaɓa, a jihohi irin su Jigawa da Katsina 'yan ƙungiyar direbobi sun daɗe suna ɗaukar masu naƙuda zuwa asibiti cikin dare a matsayin aikin sa kai. Me ya hana reshen Nyanya? Kowane layi ya san lambar mutum biyu da ba sa kashe waya. Malamanmu na Islamiyya, mata sun fi jin maganarku fiye da ta kowace nas: ku ware minti goma a mako, ku gayyato ungozomar asibiti da na'urar awon jini. Masu adashi, ku fitar da kwasa ɗaya ta zama ta gaggawa. Limamai, huɗuba ɗaya a kan wannan ba za ta rage ladan Juma'a ba. Ku kuma 'yan'uwa mata da kuka ga jiya kuka ga yau, ku zama gwaggon yarinyar da aka kawo layinku ba ta san kowa ba. Ku leƙa ta. Ku dubi idonta da ƙafarta. In maƙwabciya ce da ba addininku ɗaya ba, jininta ja ne kamar naku.

Sai matasan majalisa, masu ƙarfin jayayya a kan Arsenal da Barcelona har sha biyun dare. Jini ba a ƙera shi a masana'anta. In likita ya ce a kawo leda biyu da ƙarfe biyun dare, baƙon da danginsa ke Funtuwa ko Maraɗi ba shi da wanda zai kira. Lafiyayyen namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku, jikinsa ya mayar, ba ya rage masa ƙarfi ko kuzari, duk abin da kuka ji ana faɗa.

A masallacin layinmu mun sayi littafi mai bango ja, yana wurin ladan. Shafin farko sunayen masu mota ne da lambobinsu, na biyu masu ba da jini da rukunin jinin kowa. Wanda bai san nasa ba, ranar Asabar bayan sallar asuba za mu taru mu tafi gwaji tare, kuɗin mota a kaina. Mutanen Area C da Area F, da na Mararaba, da na Kurudu, littafi bai fi kuɗin shayi da burodi ba. Ku sayi naku kafin Juma'ar nan, ku ba ladan, ku rubuta sunanku a layin farko.